Shirun Iya a Kan Ɗorawa

Da sunan Allah, wanda yake jin abin da baki ya faɗa da abin da ya riƙe. Wannan babi naki ne, ke babbar 'yata, ko da yake ƙannenki ma za su karanta idan sun isa. Na san wata rana za ki je garinmu hutu, kina zaune a tsakar gida ana tsinke zogale, wata ta dube ki ta ce ai uwarki ce ta kunyata mahaifinta a gaban Mai unguwa saboda itace. Wata kuma ta ce a'a, uwarki ce ta tsaya wa kakarta. Dukansu ba su faɗi daidai ba. Kafin in tsaya wa kowa sai da na fara yin ƙarya, kuma wadda aka ce na tsaya wa, da bakinta ta hana ni. Ga yadda abin ya kasance.

Garinmu yana ƙasar Bagwai, inda gona take jingine da gona, ba ka ɗaga ƙafa ka sauke sai a kan ta wani. Gonar Baba, kakanki Malam Audu, tana gabas da gari, kuma a tsakiyarta akwai wata ɗorawa da mutum uku ba sa rungume ta. Gonar tasa ce, amma ɗorawar ba tasa ba ce. A wajenmu ƙasa daban, itace daban. Ana iya sayar da gona sau uku, itacen da yake cikinta yana nan a hannun wanda ya gada, kuma duk shekara mai shi zai shigo ya kaɗe kayansa, ba mai ce masa don me. Wannan ɗorawa ta Iya ce, mahaifiyar Baba. Uwarta ce ta bar mata, tun gonar tana hannun danginsu, kafin kakana ya saye ta. Iya ba ta da tunkiya, ba ta da ɗan kunnen zinariya, ba ta da ko ƙofar ɗaki mai kwaɗo. Ɗorawa take da ita. Idan sanyi ya ja jiki sai ta fitar da jajayen furanni masu lilo kamar tuntun hula, ƙudan zuma su yi ta guna a kai. Da bazara 'ya'yan su nuna, a kaɗo su da ƙugiya, mu yara mu sha garin har bakinmu ya zama rawaya. Iya kuwa kalwar take jira. Ta dafa ta yini guda, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando da ganye har kwana uku, sai gidan ya ɗauki warin da baƙo yake toshe wa hanci, mu kuwa mu san miya ta samu. Daddawar Iya har Rimin Gado ake aikowa nema.

Abu na biyu da ya kamata ki sani shi ne, Baba ɗan farin Iya ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban ƙwayar idonsa ba, ba ta taɓa amsa masa magana kai tsaye ba. Goyonsa ma ƙanwar kakana ce ta yi. Idan ya gaishe ta da safe, sai ta juya ta amsa wa bango, ko kaza, ko duk wanda yake kusa. Da na yi wayo sai na zama ni ce bangon. Suna iya zama taku uku tsakaninsu, ni ina tsakiya kamar igiyar shanya.

"Ki ce wa mutumin nan hularsa ta yi dauɗa, sai ka ce ba shi da mata."

"Baba, Iya ta ce..."

"Na ji. Ki ce mata gobe za a wanke."

"Ki ce masa goben nan tasa ta girme ki."

Haka na tashi. Iya tana kirana Tafinta, Baba yana kirana 'Yar Boko, domin ni kaɗai ce a gidan na zarce da karatu har kwalejin horon malamai a Kano. Ban taɓa ɗaukar wannan aiki da nauyi ba. A wajena wasa ne, kamar yadda ake aiken yaro ya ɗauko muciya. Ban san cewa duk maganar da take tsakanin uwa da ɗa a gidanmu ta cikin bakina take bi ba, sai da na tafi makaranta hanyar ta toshe.

A kwaleji Turanci na karanta. Ina da wani ɗan littafi mai koren bango da nake tara kalmomi a ciki, kamar yadda wasu 'yan mata suke tara ƙyallaye. Ba don jarrabawa nake tara su ba, don daɗin amonsu ne. Wata rana malamarmu, wata dattijuwa mai farin gilashi da ba ta son surutu, ta rubuta acquiesce a allo. Na furta ta a hankali sai na ji ƙarshenta yana kwanciya kamar iska idan ta gama wucewa ta cikin dawa. Malamar ta ce ba kalmar kasuwa ba ce, ba a jin ta a bakin masu hira. Kalmar kotu ce da ta dogayen wasiƙu. Ta ce kada mu fassara ta da yarda kawai, domin wanda aka miƙa wa abin da yake so ba a yi masa amfani da ita. Sai abu uku sun haɗu: akwai abin da ranka ba ya so, akwai wanda ba ka iya ja da shi, ko don ya fi ƙarfinka ko don kana jin nauyinsa, sannan bakinka ya kasance a rufe har abin ya wuce. Ta ce asalinta ɗaya da kalmar da suke kiran shiru da ita. A littafina na rubuta kawaici a gabanta, na soke. Na rubuta haƙuri, na soke. Daga ƙarshe na rubuta: shirun da aka ɗauka a matsayin yarda. Har na saka ta a wata 'yar waƙa da na yi a kan faɗuwar rana, ina jin daɗin kaina. A lokacin ado ce a wajena. Ban san tana jirana a zauren gidanmu ba.

Shekarar da nake aji na ƙarshe, na dawo hutu da bazara na tarar da labari. Wani Alhaji Nasidi daga Bacirawa yana son gonarmu ta gabas domin ta fi kusa da titi, zai gina gidan kaji. Ba saye zai yi ba, musaya ce. Yana da fili a wajen dam, inda ruwa yake bin kwalbati har cikin gona, zai ba Baba shi. Ki fahimci abin da wannan yake nufi a wajen kakanki. Gonar gabas ta gaji, abin da take bayarwa ba ya kai mu damina. Duk kaka, da an gama yankan dawa, yayyena biyu sai su ɗaure kaya su tafi kudu ci-rani, Baba ya raka su tasha ya dawo ya kasa cin tuwo. Wata shekara ƙaramin ya dawo da tari da ya kusa tafiya da shi. Filin dam kuwa yana nufin tumatir da albasa da rani, shinkafa da damina, 'ya'yansa a gabansa. Sharaɗin Alhaji ɗaya ne: a ba shi gonar a share, ba itace. Don haka dole a sare ɗorawar.

Washegarin isowata, ranar Talata bayan la'asar, Baba ya kira ni zaure. Ya zaro takarda daga cikin wata leda, yana riƙe da ita da hannu biyu kamar sabuwar riga.

"Zo nan, 'Yar Boko. Yau dai karatunki zai yi mana rana. Lauyan Alhaji ne ya rubuta. Ran Asabar za a sa hannu a gaban Mai unguwa, ina so in ji me take cewa kafin nan."

Na zauna na fara karantawa ina mayar masa da Hausa. Iyakar gona, gabas da yamma, daidai. Filin dam, daidai. Aka zo kan Baba, takardar ta ce ya amince, da kalmar da kowane ɗan firamare ya sani. Sai aka zo kan ɗorawa da mai ita. Nan lauyan bai maimaita kalmar da ya yi wa Baba amfani da ita ba. Ya sauya. Ga kalmar koren littafina a zaune kusa da sunan Iya, Hauwa'u, sunan da ban taɓa gani a rubuce ba sai ranar. Na ji kamar na haɗu da ƙawar makaranta a gidan makoki.

"Kin tsaya. Me ta ce?"

Na ɗago na dube shi. Fuskarsa a sake take, irin sakewar da na daɗe ban gani ba. A bayansa, jikin bango, ga sabuwar fartanya da buhun irin albasa, har ya riga ya saya.

"Ta ce Iya ta yarda," na ce.

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka."

Wannan ita ce ƙaryar. Na rubuta ta nan don kada wani ya gaya miki uwarki jaruma ce. Albarkar da ya sa mini ta zauna mini a ƙirji kamar tuwon da bai dahu ba.

Da safe na bi Iya gona. Ta tsufa a lokacin, tana tafiya da sanda, amma kullum sai ta je ta duba ko 'ya'yan sun fara nuna. Na same ta a gindin itacen ta ɗaga kai. Reshe duk ya sunkuyo da kaya, sai dai har yanzu kore ne.

"Bana ta yi 'ya'ya kamar ta ji labari," ta ce, ba ta dube ni ba.

"Iya, an tambaye ki kuwa?"

"An yi magana a zaure. Ina bayan ƙofa."

"Wa ya tambaya?"

"Shi."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, a gaban baƙin birni. Wai in ina da ja in faɗa. Shekara hamsin da ɗoriya ban amsa masa ba muna mu biyu, sai ranar zan fara, a gaban mai baƙar kwat?"

"Ai da kin sa Umma ta faɗa."

"In sa matarsa ta ce masa a'a a gaban mutane? Ke dai boko bai ƙara miki hankali ba."

"To kina so a sare ta?"

Ta ɗora tafin hannunta a jikin itacen, a wani wuri da ɓawon ya yi santsi, na gane shekara da shekaru nan take ɗora shi. 

"Nan uwata take ɗaure ni da zani a reshe in tana kaɗa," ta ce. Sannan ta juyo ta dube ni sosai. "Tafinta, ban aike ki ba. Kin ji ko? Abin da aka yi an yi. Ban aike ki ba."

Kwana uku suka rage, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawonsu ba. Ina tankaɗe gari ina tunani, ina wanke-wanke ina tunani. Na tambayi kaina ko Baba ya san abin da ya yi. Har yau ban yarda da gangan ya zaɓi ranar da ba na nan ba. Abin da nake gani shi ne, da shirun ya faɗo a gabansa sai ya ɗauka, kamar wanda ya tsinci abu a hanya yana tsananin buƙata, bai ɗaga murya ya tambayi mai shi ba. Na kuma tambayi kaina, ni wace ce da zan tsaya tsakanin yayyena da ruwan dam saboda kalma ɗaya? Iya da kanta ta ce in bari. Idan na yi shiru kowa ya samu abin da yake so, sai tsohuwa ɗaya, ita ma ba za ta taɓa faɗa ba. Sai dai duk inda na juya sai in tuna cewa tun ina shekara biyar ban taɓa rage wa Iya magana ba, ko ta zagi ce, haka nake kai ta. Yau ga shi wani baƙo da bai san mu ba ya rubuta shirunta daidai yadda ya gan shi, ni jikarta na karɓa na gyara shi ya zama abin da ba ta ce ba. Na yi niyyar samun Baba shi kaɗai in gaya masa. Sau biyu ina zuwa bakin zaure, in hango buhun irin albasa, in koma. Wannan ma laifina ne. Da na yi hakan, da abin bai kai gaban jama'a ba.

Ran Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Ga Mai unguwa, ga liman, ga Alhaji Nasidi yana ta duba agogo, ga lauyansa, wani siririn mutum mai baƙar kwat duk da zafin bazara, da ɗan akwatin tawadar dangwale a gabansa. Iya tana zaune daga ciki, bayan ƙofa, inda ake jin ta ba a ganin ta. Lauyan ya buɗe takarda zai fara, sai Mai unguwa ya ɗaga hannu.

"Dakata, malam lauya. Muna da namu mai Turancin. Kar gobe a ce ɗan birni ya karanta mana abin da ya ga dama. Audu, kira 'yarka."

Aka yi dariya. Na ja hijabina na zo na durƙusa a bakin ƙofa, rabina a zaure, rabina a cikin gida, wurin da na saba zama tun ina ƙarama. Na karanta iyaka, na karanta filin dam, na karanta amincewar Baba. Da na iso layin ɗorawa sai na ji numfashin Iya a bayana, da ɗan ƙarar carbinta. Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Bakina ne dai ya ƙi maimaita abin da ya faɗa ranar Talata.

"A nan takardar ba ta ce Iya ta yarda ba," na ce. "Ta ce an faɗa a gabanta, ta yi shiru, aka wuce."

Baba ya juyo.

"Ba haka kika gaya mini ba."

"Ba haka na gaya maka ba, Baba. Ka yafe mini."

"Yarinya," in ji Alhaji Nasidi, "yarda ai yarda ce, ko da Turanci ko da Larabci. Kar ki kawo mana iyayi, rana tana yi."

"Ranka ya daɗe, kalmar da aka sa wa Baba daban, wadda aka sa wa Iya daban. Ta Iya ana faɗar ta ne ga wanda ransa bai so ba, amma bai iya buɗe baki ba."

Mai unguwa ya dubi lauya. Lauyan ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya ce gaskiya na faɗa. Ya ce shi abin da ya gani ya rubuta, an tambayi tsohuwa sau biyu bai ji ta ce uffan ba, kuma ba zai rubuta ta ce abin da bai ji ba. Ban sake ganin mutumin nan ba, amma ina sa shi a addu'a.

"To wa ya tambaye ta?" in ji Mai unguwa.

Baba ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"Kai? Audu, tare muka yi wasan ƙasa da kai. Tun da kake, ta taɓa amsa maka ko sallama? Alhaji, ɗan farinta ne fa. Ko wuta ya ce mata ta kama zaninta, sai ta nemi wanda za ta ce wa ya gaya masa ta gani."

Wani ya fara dariya ya haɗiye. Liman ya yi gyaran murya ya ce dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, ko uwa ce da ɗa, don haka a sake tambaya yadda za ta iya amsawa. Na kalli Baba. Mutum ne da ba a taɓa ɗaga masa murya a garin nan ba, ga shi an mayar da shi yaro a zaurensa, a gaban baƙi, kuma 'yarsa ce sila. Jijiyar goshinsa ta tashi. Na ɗauka zai miƙe ya fita. Sai ya juyo gare ni, bai dube ni ba, ya yi magana da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Ki ce mata ina roƙon ɗorawar. Ki ce mata na san ta uwarta ce. Ki ce mata na gaji da raka yaran nan tasha."

Na juya cikin gida na faɗa, kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Iya ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har Alhaji ya daina duba agogo. Amma wannan karon ba wanda ya ɗauke shi ya sa a aljihu, kowa ya jira. Can sai carbin ya tsaya.

"Ki ce masa, da ta wannan hanyar ya biyo tun farko, da bai sha rana ba. Ki ce masa uwata ba ta ba ni itace don jikokina su ƙare a hanyar kudu ba. Na ba shi." Ta ja numfashi. "Ki ce wa mai rubutu ya goge wancan. Ya rubuta bayarwa na yi, da bakina. Kuma ba mai sa mata gatari sai na kaɗe 'ya'yan bana."

Na mayar. Alhaji ya ce to, ya ba da sati biyu.

"Ki ce masa ɗorawa ba ta san sati ba. In ta nuna, ta nuna."

Mai unguwa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce Alhaji sai haƙuri, an gamu da masu gari. Lauyan ya ja layi a kan kalmar, ya rubuta wata a samanta, ya ba ni na karanta wa kowa. Na kai wa Iya tawada har bayan ƙofa, na riƙe mata takardar ta dangwala.  

Da baƙi suka watse ta kira ni ɗakinta.

"Ban ce miki ban aike ki ba?"

"Ba saƙonki na kai ba, Iya. Takarda na karanta."

"Uhm. Bakin nan naki kamar na mai tallan goro." Ta juya mini baya tana gyara shimfiɗa. "Jeki ki nemo mini ƙugiya mai tsawo. Bana ba za a bar ko ɗaya a sama ba."

Sai da aka yi kusan wata guda kafin ta nuna. Muka kaɗe ta tas, ni da Iya da Umma da matan maƙwabta, aka yi daddawar da ba a taɓa yin mai yawanta a gidan ba. Ranar da masu inji suka zo, Iya ba ta fita ba. Tana zaune tana mulmula daddawa, ƙarar injin tana zuwa daga gabas. Da itacen ya faɗi har ƙasar tsakar gidanmu sai da ta amsa. Hannunta ya tsaya kaɗan, ta ce Allah ya jiƙan uwata, ta ci gaba da mulmulawa.

To ki gani, ban ceci ɗorawa ba. Shi ya sa wasu suke cewa na zubar wa mahaifina da mutunci a banza, tunda ƙarshenta abin da takarda ta nufa shi aka yi. Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da na sani shi ne, Iya ta yi shekara biyu bayan nan kafin ta rasu, kuma duk sanda yayyena suka shigo da kwandon tumatir daga dam sai ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu, ta ce wa duk wanda yake kusa, wannan 'ya'yan ɗorawata ne. Wadda aka ɗauke wa abu tana shiru ba ta faɗar haka. Da ɗauke mata aka yi, gefen gabas ma ba za ta ƙara kalla ba.

Abin da na biya kuwa, Baba ya yi wata bakwai bai yi mini magana ba. Bai zage ni ba, bai hana ni komawa makaranta ba. Sai dai idan yana son ruwa ina tsaye a gabansa, sai ya ce wa Umma, ki ce mata ta kawo ruwa. Ni da na yi rayuwata ina kai saƙon mutane, sai ga shi ana kawo mini. A nan na san nauyin abin da nake ɗauka tun ina yarinya ina dariya. Bayan kaka, wata rana da yamma, ya dawo daga dam da wata takarda ta ƙungiyar masu noman rani. Ya tsaya a kaina ina tsintar shinkafa, ya miƙo mini.

"Karanta mini. Duka. Yadda take."

Na karanta, hawaye yana ɗiga a kan takardar, ya yi kamar bai gani ba. Daga ranar muka koma magana, kuma har yau ba ya sa hannu a komai sai na gani, ko ta waya ce. Amma bai ƙara kirana 'Yar Boko ba. Sunana yake kira, cikakke, kamar yadda ake kiran babba. Na samu amanarsa, na rasa wasansa. Har yanzu idan na je gida nakan yi jinkiri a bakin zaure, ko zai manta ya faɗa. Bai taɓa mantawa ba.

Koren littafin yana nan a ƙasan akwatina, za ki gan shi. Ban ƙara saka kalmar nan a waƙa ba. A ƙarƙashin fassarar da na yi mata a kwaleji na ƙara layi ɗaya: idan ka gan ta kusa da sunan mutum, ka koma ka sake tambayarsa.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin da ya sa na zauna na rubuta maimakon in kira ki in gaya miki. Ke ce 'yar farina, kuma sunan Iya aka sa miki. Ina da cikinki nake cewa ni na yi karatu, ba zan yi wannan tsohuwar kunya ba, zan kira ki da sunanki, in ɗora ki a cinya a gaban kowa. Ranar suna aka miƙo mini ke, na buɗe baki, harshena ya ƙi. Yau shekararki shida, kin san yadda nake ce wa ƙaninki ya gaya miki ki sa takalmi, kina tsaye a gabana. Ina ƙoƙari, wani lokaci ina iyawa, wani lokaci Iya ce take tashi a cikina ta juya ta kalli bango. Za ki girma. Wata rana za ki zo mini da magana babba, ta aiki, ko ta tafiya, ko ta wani abu nawa da kike buƙata, ki tambaye ni a gaban mutane, in yi shiru. Kada ki ɗauka ki tafi da shi. Ki nemi wanda zai zauna a bakin ƙofa, ki sake tambayata, ki jira. Mai yiwuwa abin da kike so shi zan ba ki. Amma ki bar ni in ba ki da bakina.